Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnonin Kano, Katsina Da Jigawa Kan Tashoshin Wutar Sola

Masu Girma Gwamnoni,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar girmamawa da addu'ar Allah Ya yi muku jagora kan nauyin da Ya ɗora muku, mun rubuto wannan wasiƙa ne a madadin wasu injiniyoyin lantarki da masu haɗa kayan sola da ke aiki a jihohinku, da kuma mutanen da muke yi wa aiki, tun daga mai kamfanin casar shinkafa har zuwa mai walda a bakin titi. Mun haɗa ku a takarda ɗaya ne domin waya ta riga ta haɗa ku. Kamfani ɗaya, KEDCO, ke raba wuta a jihohin uku, kuma mafi yawan abin da yake rabawa ta babbar tashar Kumbotso yake shigowa, a kan layin 330kV da ya taso daga Mando a Kaduna.

Ranku ya daɗe, ba sai mun tuna muku watan Oktoba na 2024 ba. An lalata turakun layin Shiroro zuwa Kaduna a dajin da ma'aikata ba sa iya shiga sai da rakiyar sojoji, sai layin Ugwuaji zuwa Apir, wanda aka jingina da shi, shi ma ya faɗi. Mafi yawan jihohin Arewa suka kwana kusan goma cikin duhu. Ƙanƙara ta yi tsadar da ba a taɓa gani ba, masu kifi da nama suka zubar da kaya, asibitoci suka koma kan dizal bayan tsadar mai ta riga ta karya kowa. Duk wannan ya faru ne rana na ƙwallewa a kanmu daga safe har yamma. Daga nan aka yi ta maganar kafa manyan tashoshin sola, kuma muna goyon bayan hakan. Damuwarmu ita ce yadda ake maganar. Kullum lissafin megawat ake yi da ranar ƙaddamarwa. Abubuwan da ke kashe irin wannan tasha, wato layin da zai kwashe wutar, wanda zai biya kuɗinta, batir, da kulawar yau da kullum, ba mu cika jin an ambace su ba.

Bari mu fara da lissafin, don kada a yi wa jama'a alkawarin da rana ba za ta cika ba. A yankinmu, megawat ɗaya na farantan sola yana ba da kusan yunit 4,500, irin yunit ɗin da mita ke ƙirgawa, a yini idan an ɗauki matsakaicin shekara. Tasha mai megawat 10 ke nan tana ba da kusan yunit 45,000. In aka raba wannan a kan sa'o'i 24, bai kai megawat 2 ba. Ba aibu ba ne, haka abin yake: ƙarfin yana tsakanin ƙarfe tara na safe da uku na yamma, da magariba kuma babu komai. Sannan lambar da ke jikin faranti an auna ta ne a zafin digiri 25. A watan Afrilu, iska na digiri 41, jikin farantin yana kaiwa 65 ko fiye, kuma kowane digiri ɗaya sama da 25 yana rage kusan kashi 0.35 cikin ɗari. Kashi 14 ya tafi ke nan kafin a zo maganar ƙura. Duk ɗan kwangilar da ya kawo muku lissafi bai cire wannan ba, ko dai bai san aikin ba, ko kuma ya san ba za a tambaye shi ba.

Babban kukanmu shi ne abin da mutane da yawa ba su sani ba, har da wasu masu ba gwamnati shawara. Tashar sola da aka jona da babban layin ƙasa, idan babban layin ya faɗi, ita ma faɗuwa take yi. Inbatocin da aka saba sakawa, wato na'urorin da ke juya wutar faranti zuwa irin ta layi, masu bin layi ne. Sai sun ji ƙarfin wuta da bugun 50Hz a kan waya sannan su zuba tasu a kai. Da zarar sun daina ji, cikin daƙiƙa biyu ko ƙasa da haka za su kashe kansu, kuma da gangan aka ƙera su haka, don kada su tura wuta cikin wayar da ma'aikaci ke gyarawa yana zaton babu komai a ciki. Ma'ana, da a ce akwai megawat 100 na irin wannan a kowace jiha a Oktoban 2024, da farantan sun sha rana a banza, gari na duhu. Abin da zai sa tasha ta tsaya da ƙafafunta shi ne batir da inbata mai kafa layi da kanta, wadda ke samar da bugun da sauran za su bi, tare da makunnan da za su raba wasu zaɓaɓɓun layuka daga babban layin ƙasa a lokacin da ya faɗi. Wannan ba abin da ake ƙarawa daga baya cikin sauƙi ba ne. Tun a zanen farko ake yanke shawarar waɗanne layuka za su zauna a cikin wannan tsibirin wuta, nawa suke ja, da yadda za a kunna su ɗaya bayan ɗaya. Babban famfon gidan ruwa, alal misali, yana jan wutar da ta ninka ta aikinsa sau biyar zuwa bakwai a daidai lokacin tashi. In ba a saka masa na'urar tashi a hankali ba, shi kaɗai zai kayar da tsibirin duka.

Batir ɗin ma yana da nasa lissafin. Lokacin da gari ya fi jan wuta shi ne daga magariba zuwa ƙarfe goma na dare. Don a ba da megawat 5 na tsawon waɗannan sa'o'i huɗu, ana buƙatar batir mai ɗaukar yunit 20,000, kuma sai an zuba masa kusan 23,000, domin kashi 10 zuwa 15 yana ɓacewa tsakanin caji da fitarwa. Rabin abin da tasha mai megawat 10 ta samar a yini ke nan. Batirin litiyam nau'in LFP shi ya dace, amma yana son zama kusa da digiri 25, don haka kwantenarsa na buƙatar na'urar sanyaya wuri dare da rana, kuma ita ma wuta take ci. Batir mai ruwan asid kuwa, kowane ƙarin digiri 8 zuwa 10 na zafi yana raba tsawon rayuwarsa biyu. Duk wanda ya ga fitilun titi na sola da suka mutu shekara biyu bayan kafa su ya ga wannan da idonsa. Ko da rana ma batir na da amfani: a watan Agusta gajimare ɗaya na iya sauke ƙarfin tasha da fiye da rabi cikin minti ɗaya, kuma injinan masaƙa da na roba ba sa yafe irin wannan rawar wuta.

Sai maganar waya. Wutar sola ba ta jira. Idan layin 33kV da aka jona tashar a kai ya kasance a kashe da tsakar rana, saboda rabon wuta ko saboda reshen bishiya ya taɓa waya a wani ƙauye mai nisan kilomita arba'in, wutar wannan sa'ar ta tafi har abada. Layukanmu da yawa dogaye ne, an rataya musu taransifomomi fiye da ƙima, ƙarfin wutar yana sauka ƙasa da abin da inbata za ta yarda da shi, sai ta riƙa kashe kanta tana kunnawa. Shi ya sa muke ganin kuskure ne a tafi neman fili mai arha can nesa a kafa gagarumar tasha ɗaya. Ƙa'idar da NERC, hukumar kula da harkar lantarki ta ƙasa, ta fitar a 2012 ta nuna hanya: tasha har zuwa megawat 6 tana shiga layin 11kV, daga 6 zuwa 20 kuma layin 33kV. Tashoshi masu wannan girman, kusa da tashoshin saukar da wuta irin na Dakata, Ɗan Agundi, Kankiya, Daura, Dutse da Haɗeja, kowace da gajeren layinta na kanta, sun fi tasha ɗaya mai megawat 100 da sai an jira an gina mata layin 132kV. Kowane megawat na cin fili hekta ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi. Filin yana hannunku bisa doka, amma a biya manoma diyya kafin a kafa shinge. Tashar da maƙwabtanta ke jin an ƙwace musu gona ba ta da mai gadi na gaskiya.

Akwai misali a gida. Tashar sola ta Kumbotso mai megawat 10, wadda NSIA, hukumar zuba jarin asusun ajiyar ƙasa, ta gina a kan kimanin dala miliyan 16, Shugaba Buhari ya ƙaddamar da ita a Janairun 2023. Tana kan hekta 24, da faranti sama da 21,000, kuma sai da aka ja mata layi na kilomita 12. Gwamnatin Kano na da kashi 15 a cikinta, ƙaramar hukumar Kumbotso na da kashi 5. A Jami'ar Bayero kuma akwai tashar da REA, hukumar samar da lantarki a karkara, ta kafa a 2019, wadda ta haɗa sola da batir da janareta. Waɗannan biyun makaranta ce da aka riga aka biya kuɗinta. Yunit nawa kowace ta bayar a kowane wata? Sa'o'i nawa ta tsaya saboda layi ba shi da wuta? Nawa ƙurar hunturu ta ci? Waɗannan alƙaluma suna cikin kwamfutocin tashoshin, kuma da su ya kamata a zana na gaba, ba da lissafin da aka kwafo daga wata ƙasa ba.

Yanzu ga abin da ya fi kowanne kashe aiki, wato kuɗi. A Yulin 2016 kamfanoni 14 suka sa hannu da kamfanin NBET na gwamnatin tarayya, mai sayen wuta a sari daga tashoshi, kan tashoshin sola masu jimillar megawat 1,125, mafi yawansu a Arewa, ciki har da Katsina da Jigawa, a kan farashin santi 11.5 na dala kowane yunit. Babu ko ɗaya da ta kai ga ba da wuta. Ba rana ce ta yi ƙaranci ba. An yi ta jayayya kan farashi, aka kuma kasa daidaitawa kan lamunin da zai tabbatar wa masu ba da bashi cewa kuɗinsu zai dawo idan mai saye ya kasa biya. Tashar sola kusan duk kuɗinta a rana ɗaya ake kashewa, sannan a yi shekara ashirin ana karɓa da kaɗan-kaɗan. Banki ba ya kallon faranti, mai biya yake kallo. In wutar za ta shiga layin da rabin masu shanta ba su da mita, wasu sun yi satar jonawa, ma'aikatun gwamnati kuma suna riƙe da bashin watanni, babu mai kawo kuɗinsa. Ga kuma canji. Wanda ya ci bashin dala a farkon 2023, dala na kusan naira 460 a farashin hukuma, ya wayi gari a 2024 ta haura 1,500, alhali naira yake karɓa.

Maganin wannan ba ɓoyayye ba ne. A fara da masu shan wutar rana waɗanda za su iya biya kuma suna ƙona dizal a yanzu: masana'antun Sharaɗa, Challawa, Bompai da Tokarawa, kamfanonin shinkafa, kasuwanni irin su Dawanau da Kantin Kwari, gidajen ruwa irin na Tamburawa da Ajiwa, da manyan asibitoci. Gidan ruwa ma ya fi kowa dacewa da sola, domin ana iya tura ruwa cikin manyan tankuna da rana, tankin ya zama shi ne batir. A saka wa kowa mita a kan waɗannan layuka kafin tashar ta fara aiki, kuɗin da aka tara ya shiga asusu na musamman da za a fara biyan mai tasha daga ciki. Gidajen talakawa za su amfana ta wata hanyar: duk megawat ɗin da sola ta ɗauke wa masana'antu da rana, rabon da ke zuwa daga babban layin ƙasa ne ya samu sarari zuwa unguwanni.

Ƙura kuwa, wanda bai yi aikin a nan ba ba zai gane ta ba. A tsakiyar hunturu, ka wanke faranti da asuba, bayan kwana uku ka ja yatsa a kai za ka rubuta sunanka ya fito sarai. In aka bar shi makonni ba wanki, kashi ɗaya cikin biyar na wutar na iya tafiya. Faranti ɗaya na cin lita biyu zuwa uku a wanki guda, don haka tasha mai faranti 21,000 na buƙatar lita 42,000 zuwa 63,000 kowane zagaye, a daidai watannin da ruwa ya fi wuya. Ruwan rijiyar burtsatse mai gishiri-gishiri yana barin farin tabo da ke manne wa gilashi, sai an tace shi. Ba a wanki da tsakar rana, domin ruwan sanyi a kan gilashi mai zafi na iya tsaga shi, kuma ba a taka faranti da ƙafa, domin yana fashewa daga ciki ido bai gani ba. A karkata farantan zuwa kudu da digiri 10 zuwa 15, daidai da inda muke a doron ƙasa, kuma don ruwan sama ya riƙa gangarewa da datti. Kashin tsuntsu a kan ƙwaya ɗaya daga cikin ƙananan gidajen da ke jikin faranti ya isa ya sa wurin ya yi ta zafi har ya ƙone bayan farantin.

Sauran abubuwan da ke lalata tasha ƙanana ne a ido. Guguwar farkon damina tana ɗaga duk farantin da ba a ɗaure maƙallansa da ƙarfin da aka ƙayyade ba. Aradu na ƙone inbata idan wayar da ake binnewa a ƙasa don kariya ba ta kai wurin danshi ba, kuma a ƙasarmu mai yashi sai an auna ta a rani, ba a damina ba. 'Yan kawunan da ke haɗa wayar faranti da faranti, in aka gauraya na kamfanoni biyu, suna sakin jiki su yi zafi, kuma wutar da ke cikinsu tana kaiwa bolt 1,000 zuwa 1,500, irin wadda in ta kama tartsatsi ba ta mutuwa da kanta. Ɓeraye da gara na cin kebul. Ciyawar da ta bushe a ƙarƙashin faranti a watan Disamba jiran ashana kawai take yi. Inbata guda ta lalace, in babu wata a ajiye, sai a yi watanni ana jiran jirgin ruwa. Tashar iska ta Lambar Rimi a Katsina, mai megawat 10 da injina 37, ta shafe fiye da shekara goma ana aikinta, kuma ta isa ta koya mana abin da ke faruwa idan aiki ya rataya a kan ƙwararru da kayan gyara na ƙetare.

Maƙwabtanmu sun gwada, kuma ya kamata a je a gani. Nijar ta kafa tasha mai megawat 7 a Malbaza a 2018, sannan ta Gorou Banda kusa da Yamai mai megawat 30, wadda ta fara aiki a ƙarshen 2023, a lokacin da Najeriya ta yanke mata wuta bayan juyin mulki. Zafinsu da ƙurarsu irin namu ne ko sun fi. Tafiyar kwana ɗaya a mota za ta kai injiniyoyinku Malbaza.

Ranku ya daɗe, gyaran tsarin mulki na Maris 2023 da Dokar Lantarki ta Yunin 2023 sun ba jihohi ikon samar da wuta da rarraba ta da kuma kafa hukumar da za ta kula da kasuwarta. Uzurin cewa komai na Abuja ne ya ƙare. Sai dai wutar da ta tsallaka iyakar jiha tana nan a ƙarƙashin NERC, kuma wayoyin KEDCO ba su san iyaka ba. In kowace jiha ta fito da nata lasisi da nata tsarin farashi daban, mai zuba jari zai bi ofis huɗu kan tasha ɗaya. Don haka roƙonmu na farko shi ne ku daidaita ƙa'idojinku su zama iri ɗaya, ku kuma zauna da NERC da TCN, kamfanin da ke riƙe da manyan layukan wuta na ƙasa, da KEDCO a teburi ɗaya kafin a sa hannu kan kowace tasha.

Muna roƙon kada a ba da kwangilar ko megawat ɗaya sai an yi nazarin layin da za a jona shi a kai, an fitar da sakamakon a fili: nawa layin zai iya ɗauka, sa'o'i nawa yake da wuta da rana a shekarar da ta wuce, da gyaran da yake buƙata. A rubuta a cikin takardar neman 'yan kwangila cewa dole tashar ta iya tsayawa ita kaɗai idan babban layin ƙasa ya faɗi, kuma ranar karɓar aiki a gwada hakan a gaban injiniyoyinku: a buɗe makunnin da ya haɗa ta da layin ƙasa da rana tsaka, a ga ko asibiti da gidan ruwa sun ci gaba da samun wuta, a sake gwadawa bayan isha'i. In ba ta ci wannan jarrabawa ba, kada a biya kason ƙarshe.

Muna roƙon gwamnatocinku su biya bashin wutar da ake bin ma'aikatunsu, su saka musu mita mai kati, domin babu lamunin da ya kai wannan ƙarfi a idon banki. A nemi bashin naira mai dogon zango gwargwadon iko, a rage na dala. Gwamnati ta tsaya kan fili, layi, tsaro da lamuni, ta bar gini da gudanarwa ga kamfanin da za a biya bisa yunit ɗin da ya bayar, ba bisa farantan da ya kafa ba. Wanda abincinsa ke cikin yunit ba sai an tuna masa wanki ba.

Kowace kwangila ta ƙunshi kulawar shekara biyar aƙalla, da rijiya da matatar ruwanta, da ma'ajiyar kayan gyara a cikin shingen tashar: inbatoci, fis, kawunan waya da faranti na ko-ta-kwana. A ɗauki ɗaliban kwalejojin fasaha na Kano, Katsina, Kazaure da Dutse tun ranar da aka fara haƙa ramin turaku, domin wanda ya ga inda aka binne kebul shi ne zai iya gano inda ya lalace bayan shekara bakwai. Sannan Gwamnatin Kano, a matsayinta na mai hannun jari a tashar Kumbotso, ta nemi a riƙa wallafa yawan wutar da tashar ke bayarwa kowane wata, kuma hakan ya zama sharaɗi a kan duk tashar da za a gina nan gaba da kuɗin jama'a ko filinsu.

A shirye muke mu zauna da kwamishinoninku da injiniyoyinsu mu bi waɗannan alƙaluma ɗaya bayan ɗaya, a duk ranar da kuka sa.

Allah Ya taimake ku, Ya ba mu lafiya da zama lafiya.

Naku cikin girmamawa,
Wasu injiniyoyin lantarki da masu aikin sola a Kano, Katsina da Jigawa